Yadda ake saita izinin shiga da na'urar karanta kati a manhajar sarrafa gini

A duk ginin da ƙofofinsa ke buɗewa da kati, abubuwa huɗu ne ke aiki tare. Akwai katin da ke hannun mutum, akwai na'urar karanta kati da ke jikin bango, wato rida, akwai kwantirola da ke cikin akwatin ƙarfe a wani lungu, sai kuma manhaja a kwamfuta. Rida ba ta yanke hukunci. Lambar kati kawai take karantawa ta miƙa. Kwantirola ce ke duba lambar, ta duba agogo, ta duba jerin sunayen da aka ba ta, sannan ta saki makulli ko ta hana. Ita kuwa manhaja wurin rubuta dokoki ce, daga nan ake tura su zuwa kwantirola. Shi ya sa ko an kashe kwamfuta ƙofa ba ta daina aiki, muddin dokokin sun riga sun sauka.

Yawancin matsalolin da ake ɗora wa rida ba laifinta ba ne. Abin da ke jikin ƙofa daban, abin da aka faɗa wa manhaja daban, shi ke nan. Don haka tsarin da zan bi a nan daga kwantirola zai faro ya ƙare a kan mutum: kwantirola, ƙofa, rida, tsarin kati, jadawali, rukunin izini, sannan masu kati. Sunayen shafuka sun bambanta tsakanin Niagara ta Tridium da EcoStruxure ta Schneider da manhajojin ZKTeco ko Hikvision da suka cika kasuwa, amma tambayoyin da suke yi maka iri ɗaya ne. Zan yi misali da ofishi mai ƙofofi huɗu: babbar ƙofar shiga, ƙofar baya, ɗakin saba (inda manyan kwamfutocin ajiyar bayanai suke) da ofishin kuɗi.

Kafin ka zauna gaban kwamfuta

Ɗauki takarda da biro ka zagaya ƙofofin. A kowace ƙofa ka rubuta irin makullinta, irin ridarta, ko akwai maɓallin fita daga ciki, ko akwai ƙaramar na'urar maganaɗisu da ke nuna ƙofa a rufe take ko a buɗe, da lambar gurbin da wayar kowannensu ta shiga a jikin kwantirola. Kar ka dogara da zanen da mai jan waya ya bar maka. Sau tari waya ta ɗaya a zane ita ce ta uku a akwati.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan wuta ta ɗauke, me wannan ƙofar za ta yi? Makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa, da zarar ta yanke ya saki. Makullin harshe na lantarki kuwa, wanda ake sakawa a jikin katakon ƙofa, galibinsa akasin haka ne: sai an ba shi wuta yake saki, in babu wuta yana nan a kulle, amma mutum na iya murɗa hannun ƙofa daga ciki ya fita. Ƙofar da jama'a za su bi su gudu idan gobara ta tashi dole ta saki. Ɗakin saba da ofishin kuɗi su ne suka dace da wanda ke zama a kulle, da sharaɗin na ciki yana iya fita da hannunsa.

A nan ba na sassauci. Duk ƙofar da ke da makullin maganaɗisu sai an saka mata koren akwatin gaggawa daga ciki, wanda ake dannawa makulli ya saki nan take, kuma wayarsa ta ratsa wutar makullin kai tsaye, ba ta bi ta kwantirola ba. Haka ma rilen ƙararrawar gobara, wato makunnin da ke haɗa wuta ko yanke ta da kansa, shi ma ya yanke wutar makullin kai tsaye. Manhaja na iya daskarewa, hanyar sadarwa na iya yankewa, ba a rataya ran mutane a wuyansu.

Yi lissafin batir ma tun yanzu. Makullin maganaɗisu mai ƙarfin kilo 280 yana jan kusan rabin amfiya a kan volt 12. Idan kana da biyu, ga kwantirola, ga rida huɗu ko biyar, ka doshi amfiya biyu. Batir mai 7Ah da ake yawan gani a cikin akwatunan nan zai ba ka kamar awa uku da rabi a lissafin takarda, a zahiri kuma ƙasa da haka, balle in zafi ya fara cinye shi. Ya isa ya riƙe ka tsakanin ɗaukewar wutar NEPA da tashin janareta. Bai isa ya kwana da gini ba. In ginin na da inbata ko sola, a can za ka rataya akwatin.

Haɗa kwantirola da manhaja

Kowace kwantirola tana zuwa da adireshin IP na masana'anta. Na ZKTeco, alal misali, galibi 192.168.1.201 ne, tana magana ta tashar 4370. Haɗa kwamfutarka da ita kai tsaye, ka ba kwamfutar adireshi a layi ɗaya, ka shiga. Abu na farko, canza kalmar sirrin masana'anta. Na biyu, ba ta tsayayyen adireshi wanda mai kula da hanyar sadarwar ginin ya ware maka. Kar ka bari rauta ta riƙa raba mata adireshi, domin ranar da wuta ta dawo ta ba ta wani daban, manhaja za ta neme ta ta rasa. In akwai hali, a keɓe wa na'urorin tsaro layinsu, kar a cakuɗa su da waifai ɗin baƙi.

Daga nan ka buɗe shafin ƙara na'ura a manhaja, ka saka adireshin da kalmar sirri, ka ba ta suna mai ma'ana, kamar "Akwatin ƙasa, bayan matakala". Jira ka ga alamar ta koma kore.

Kar ka wuce sai ka gyara agogo. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk UTC+1 ne, Ghana kuwa UTC+0, kuma babu wadda ke canza agogo da sauyin yanayi. Manhajojin da aka yi don Turai da Amurka kan zo da wannan sauyin a kunne, ka kashe shi. Sannan ka nuna wa kwantirola inda za ta riƙa daidaita agogonta, ko sabar NTP mai raba sahihin lokaci ko kwamfutar da manhaja ke kai. Idan kana ganin kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara duk sanda wuta ta ɗauke, ƙaramin batirin agogon da ke kan allon ne ya mutu.

Saita ƙofar kanta

Buɗe ƙofa ta ɗaya a manhaja ka ba ta sunan da maigadi zai gane da ƙarfe biyun dare. "Ƙofa 3" ba suna ba ne. "Ɗakin saba, bene na ɗaya" shi ne suna.

Sai rile. A jikin allon kwantirola za ka ga bakin waya uku: COM, sai NC da ke haɗe da COM kullum, da NO da ba ya haɗuwa da COM sai rile ya motsa. Makullin maganaɗisu tsakanin COM da NC yake zama, don wuta ta riƙa ratsawa kullum, sai an karɓi kati ta yanke. Makullin harshe mai zama a kulle kuwa tsakanin COM da NO. Idan ka ga ƙofa tana zaune a buɗe, sai an goga kati ta kulle na ɗan lokaci, an juya waɗannan biyun ne. Duba kuma ko an saka diyod, ƙaramin abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a bakin makullin harshe, irin 1N4007, can wajen makullin ba cikin akwati ba. Duk sanda wuta ta yanke daga naɗin wayar makulli, wani ƙarfi yakan dawo baya, shi ne ke ƙona bakin rile ko ya sa kwantirola ta riƙa tashi da kanta ba dalili. Makullan maganaɗisu da yawa suna zuwa da nasu kariyar a ciki, ka duba takardarsu kafin ka ƙara wani abu.

Lokacin sakin makulli, sakan uku zuwa biyar ya wadatar. Idan manhajar tana da zaɓin a mayar da kulle da zarar ƙofa ta buɗe ta rufe, kunna shi, don kar mutum ya shige ya bar sauran sakan ga wanda ke biye da shi. Akwai kuma doguwar saki da ake ba wasu katuna kaɗai, na masu keken guragu, tsofaffi ko masu turo kaya. Ba su sakan goma sha biyar ko fiye.

Na'urar da ke nuna halin ƙofa ita ce idon manhaja. In babu ita, manhaja ta san ta saki makulli ne kawai, ba ta san ko an shiga ba, ba ta san ko an tokare ƙofa da kujera ba. Faɗa wa manhaja cewa layin a haɗe yake idan ƙofa na rufe, sannan ka tashi ka je ka buɗe ƙofar ka ga ko allo ya canza. Idan kwantirolar tana karɓar rizista, wato ƙaramin abin da ke rage wucewar wuta, a ƙarshen layi, yi amfani da ita. Da rizista biyu masu ƙimar da masana'anta ta faɗa, kwantirola na iya bambance hali huɗu: a rufe, a buɗe, an yanke waya, an haɗe waya. Amma sai rizistar tana can bakin ƙofa. Wasu masu haɗawa kan murɗa ta a cikin akwati don alamar kuskure ta ɓace, ka ga ke nan ba ta gadin komai.

Ƙararrawa biyu ke fitowa daga wannan na'urar. Ɗaya ta ƙofar da aka bari a buɗe: saka sakan talatin a ƙofofin ofis, ka tsawaita a ƙofar da ake shigo da kaya. Ɗayar ta ƙofar da aka buɗe ba kati ba maɓalli. Wannan ta biyun ce ke haukata masu gadi a sabon gini, domin duk wanda ya murɗa hannu ya fita, manhaja na ɗauka an fasa ƙofa ne. Maganinta shigarwar REX, wato maɓallin fita ko na'urar jin motsi da ke saman ƙofa daga ciki. A ƙofar maganaɗisu, saita REX ya saki makulli. A ƙofar da ake fita da hannu, saita shi ya danne ƙararrawa kawai ba tare da ya saki makulli ba. Kar ka yi wasa da wannan, ƙararrawar da ke kuka sau ɗari a yini, ranar da ɓarawo ya zo ba wanda zai ɗaga kai.

Rida: Wiegand ko OSDP

Yanzu manhaja za ta tambaye ka da wane harshe rida ke magana. Tsohon shi ne Wiegand. Wayoyinsa sanannu ne: ja wuta, baƙa ƙasa, koriya D0, fara D1, sai wasu na fitila da ƙara. Iyakarsa kusan mita 150 da waya mai kauri da rigar kariya, kuma rigar a gefen kwantirola kaɗai ake haɗa ta da ƙasa. Idan rida na shan wuta daga wani wuri daban, sai ka haɗa baƙar wayarta da ta kwantirola, in ba haka ba lambobi za su riƙa zuwa a hargitse. Idan rida ta yi ƙara amma manhaja ta ce ba ta gane tsarin katin ba, fara da duba ko an musanya koriya da fara.

Aibin Wiegand biyu ne. Hanya ɗaya yake tafiya, kwantirola ba ta da labarin rida tana raye ko an cire ta. Kuma lambar a fili take tafiya, duk wanda ya kwance rida ya maƙala ƙaramar na'ura a kan wayoyin nan biyu zai kwashe lambobin mutane.

OSDP shi ya zo gyara wannan. Ƙungiyar masana'antun tsaro ta Amurka, SIA, ke kula da shi, kuma a 2020 ya zama ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60839-11-5. A kan RS-485 yake tafiya, wayoyi biyu murɗaɗɗu A da B, har kusan mita 1,200, kuma rida fiye da ɗaya na iya hawa layi guda. In ka samu zaɓi a sabon aiki, shi za ka ɗauka.

Saitinsa abu uku ne, kuma dole su dace a ɓangarorin biyu. Na farko adireshi, daga 0 zuwa 126, kowace rida da nata a layin. Sababbin rida yawanci da 0 suke zuwa, don haka idan ridar shiga da ta fita suna layi ɗaya, haɗa su ɗaya bayan ɗaya ka canza wa ta biyun adireshi. Na biyu saurin magana, wanda galibi 9600 ne daga masana'anta. Na uku rufaffiyar hanya mai ɓoye bayanai da AES-128. Yadda ake yi shi ne ka saka kwantirola a yanayin girkawa, ta gaisa da rida da mabuɗin masana'anta wanda kowa ya sani, ta tura mata sabon mabuɗi, sannan ka kashe yanayin girkawar. Wannan matakin ƙarshe shi ake yawan mantawa. Ka tabbata manhaja ta nuna hanyar a rufe take, ba wai rida tana kan layi kawai ba. Idan layin dogo ne, saka rizista mai om 120 a ƙarshensa. Idan rida ta ƙi fitowa sam, juya A da B, domin masana'antu ba su haɗu a kan wace ce wace ba. Wasu rida kuma a yanayin Wiegand suke zuwa, sai an juya su da katin saiti ko manhajar waya.

Tsarin kati, inda aka fi shan wahala

Kati iri biyu ne a kasuwa. Na 125 kHz, irin EM4100 da HID Prox, lamba ɗaya ce a ciki ba kariya, ƙaramar na'ura mai arha na kwafe shi cikin sakan kaɗan. Na 13.56 MHz kuwa hawa-hawa ne. MIFARE Classic an fasa sirrinsa tun 2008. MIFARE DESFire da Seos na HID su ne masu kariya ta gaske, amma fa sai ridar tana karanta bayanan da aka kulle a ciki da mabuɗi. In an saita ta ta karanta lambar masana'anta ta fili kawai, wadda ake kira UID, to an sayi kati mai tsada ana amfani da shi kamar mai arha.

Ko wane iri ne, sai ka faɗa wa manhaja yadda za ta yanka jerin sifili da ɗaya da rida ke turowa. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne mai bit 26. Bit na farko da na ƙarshe na tantance kuskure ne. Takwas da ke bin na farko lambar wuri ce, daga 0 zuwa 255. Sha shida na gaba lambar kati, daga 0 zuwa 65,535.

Ɗauki farin kati na 125 kHz ka duba ƙasansa. Sau da yawa za ka ga lamba biyu, misali 0001234567 sannan 018,54919. Ba lambobi biyu ba ne, guda ce aka rubuta ta hanya biyu. Ninka 18 da 65,536 ka samu 1,179,648, ƙara 54,919, sai ga 1,234,567. Wata manhajar doguwar take so, wata kuma tana son 18 a gurbin lambar wuri da 54919 a gurbin lambar kati. Idan ka shigar da wadda ba ita ba, katin lafiyarsa ƙalau, ridar ma haka, amma ƙofa ba za ta buɗe ba.

Katin MIFARE yana da nasa tarkon. Lambarsa ta fili bit 32 ce a masu bayit huɗu (bayit ɗaya bit takwas ne), wasu ma bayit bakwai ne. Idan rida na fitar da bit 26, sai ta yanke wani sashe ta zubar, kuma hakan na iya sa katuna biyu su fito da lamba ɗaya. Saita ta ta fitar da bit 34, ka zaɓi tsarin bit 34 a manhaja. Akwai kuma batun juya bayit: ridar tebur mai USB da sakatariya ke yin rajista da ita ta karanta daga gaba, ridar bango ta karanta daga baya, kati ɗaya lamba biyu.

Hanyar kauce wa duk wannan mai sauƙi ce. Buɗe shafin abubuwan da ke faruwa kai tsaye, ka goga kati a ridar bango, ka ga adadin bit da lambar da ta faɗo. Gwada katuna uku ko huɗu. In lambobin sun dace da abin da ke rubuce a jikinsu, tsarinka daidai ne. In ba su dace ba, ko ka gyara tsarin, ko ka riƙa yin rajista daga ridar bangon kanta. Bayan haka ka goge duk sauran tsare-tsaren da manhaja ta zo da su a kunne, ka bar naka kaɗai.

Wasu kwantirololi suna da zaɓin abin da ƙaramin allon da ke tsakanin ƙofa da uwar kwantirola zai yi idan ya daina jin uwar: ya kulle, ya buɗe, ko ya karɓi duk katin da lambar wurinsa ta dace. Na ƙarshen nan yana da daɗi a babbar ƙofa. A ɗakin saba da ofishin kuɗi kar ka kunna shi, lambobin wuri 256 ne kacal a tsarin bit 26, katin wani kamfanin ma na iya dacewa. A waɗannan ɗakuna biyu ma ya fi kyau a haɗa kati da lambar sirri, in ridar na da maɓallai.

Jadawali da ranakun hutu

Ƙirƙiri jadawali kaɗan masu sunaye bayyanannu. Na ma'aikata, Litinin zuwa Juma'a, 7:00 zuwa 18:30. Na masu shara, 6:00 zuwa 8:00. Na kullum-kullum, ga masu gadi da injiniyan gini. Aikin dare yana buƙatar kula, domin manhajoji da yawa ba sa yarda lokaci ya tsallake sha biyun dare. Raba shi biyu, 22:00 zuwa 23:59, sannan 00:00 zuwa 06:00 na washegari, ka tuna mai aikin daren Juma'a sai ka ba shi safiyar Asabar.

Idan ana son babbar ƙofa ta zauna a buɗe lokacin aiki, haɗa jadawalin da sharaɗin katin farko: ba za ta saki ba sai wani ma'aikaci mai izini ya goga katinsa a ranar. Wannan ne ke cetonka ranar da aka ba da hutu ba a shigar ba. Hutun 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba da 25 da 26 ga Disamba za ka iya shigar da su su riƙa maimaituwa a Najeriya. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Mauludi da Ista kuwa suna motsi, na Musulunci ma sai an ga wata, sannan Ma'aikatar Cikin Gida ta sanar da ranakun. Dole a samu mutum ɗaya da aka ɗora wa shigar da su, a koya masa kafin ka bar wurin. Haka lokacin azumi, in ofishin yana sauya lokacin tashi.

Rukunin izini da masu kati

Rukunin izini haɗin ƙofa ne da jadawali. "Ma'aikata" su samu babbar ƙofa da ta baya a jadawalin ma'aikata. "Kuɗi" su samu waɗannan da ƙarin ofishin kuɗi. "Injiniyoyi" su samu ɗakin saba. Mutum rukuni ake saka shi, ba a ba shi ƙofa ɗai-ɗai. Za a matsa maka, oga zai ce a ba wane wannan ƙofar kawai. Ƙirƙiri ƙaramin rukuni ka saka shi, don bayan shekara a iya amsa tambayar su wa ke iya shiga ɗakin saba ba tare da an bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ba.

Wajen shigar da mutum, saka cikakken suna, sashe, hoto in akwai, lambar kati, ranar farawa da ranar ƙarewa. 'Yan kwangila da masu bautar ƙasa da ɗaliban koyon aiki duk a saka musu ranar ƙarewa tun ranar farko. Katin da ya ɓata a yi masa alamar ɓatacce maimakon a goge shi, don in an zo da shi manhaja ta yi kuka. Idan za a ɗauki zanen yatsa ko hoton fuska, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya su cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, sai a sanar da mutane kuma a taƙaita masu ganin su. Zanen yatsa ma kan ba da wahala da hunturu idan fata ta bushe, ko ga masu aikin ƙarfi, don haka a bar musu kati a matsayin mafita.

Bayan ka gama, danna tura bayanai zuwa kwantirola. Wasu manhajoji da kansu suke yi, wasu sai ka danna. Masu shiga manhajar su ma kowa da asusunsa: mai karɓar baƙi ya iya ba da katin baƙo kawai, maigadi ya ga ƙararrawa kawai.

Akwai dokar hana miƙa kati baya, wadda ba ta barin kati ya shiga sau biyu bai fita ba. Tana buƙatar rida ciki da waje. Fara ta a sassauƙan yanayi, mai rubutawa ba ya hanawa. Ranar Juma'a mutum goma za su fita masallaci a bayan katin mutum ɗaya, in ka tsaurara tun farko tara za su dawo su tarar da ƙofa ta ƙi su. Saita ta kuma ta yafe wa kowa da tsakar dare.

Haɗa shi da sauran ginin

A nan ne amfanin manhajar sarrafa gini ke fitowa. Katin farko da ya shiga bene da safe na iya kunna fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, na ƙarshe da ya fita ya kashe su, ga saukin kuɗin dizal. Galibi da BACnet ake wannan haɗin, wato harshen da na'urorin gini ke magana da juna, ƙa'idar ASHRAE 135, wadda ke da abubuwa na musamman don ƙofa da wurin shiga da yanki da kati. Ka ba kwantirolar lambar na'ura da ba ta ci karo da ta kowa ba, ka bincika ta daga manhaja ta tashar UDP 47808, ka jawo halin ƙofa da ƙararrawarta zuwa zanen bene. Idan kwantirolar ba ta jin BACnet, rile ɗaya daga gare ta zuwa shigarwar kwantirolar gini ya isa ya ce akwai mutane ko babu.

Abu biyu za ka kiyaye. BACnet/IP na asali ba ya tambayar kalmar sirri, duk wanda ke kan layin na iya tura umarni, don haka kar tashar nan ta leƙa intanet, kuma in ba dole ba ka bar haɗin a karatu kawai. Sannan umarni a BACnet yana da matakan fifiko 16, na ɗaya ya fi kowa ƙarfi, na takwas shi ne na mai aiki da hannu. Idan wani ya buɗe ƙofa daga allo a mataki na takwas don a shigo da kaya, jadawalin da ke ƙasa da shi ba zai iya kulle ta da yamma ba sai an saki wancan umarnin. Danna kulle ba shi ne sakin umarnin ba, shi ma zama zai yi a mataki na takwas ya hana ta buɗewa gobe. Saka wa irin wannan umarni wa'adin ƙarewa da kansa in manhajar ta yarda.

Gwaji da miƙa aiki

Ku zama biyu, ɗaya a ƙofa ɗaya a gaban allo, waya a kunne. A kowace ƙofa a gwada kati mai izini, kati marar izini, kati mai izini a wajen lokacinsa, da katin da ba a san shi ba, a ga kowanne ya fito da dalilinsa daidai. A tokare ƙofa har ƙararrawa ta tashi. A danna maɓallin fita. A zare wayar sadarwa a goga kati, a mayar a ga ko abin da ya faru ya hau manhaja da lokacinsa daidai. A kashe wutar akwati a ga batir ya ɗauka, a tayar da janareta a ga ba abin da ya rikice wajen sauyin. A danna koren akwati. A ƙarshe a sanar da mutanen gini, a tayar da ƙararrawar gobara, a bi ƙofofin fita da ƙafa ana tura kowace.

In komai ya tafi daidai, ɗauki kwafin rumbun bayanai ka ajiye a wani wuri ban da kwamfutar, ka saita manhaja ta riƙa yin kwafin da kanta kowane dare. Takardar nan da ka fara da ita, gyara ta, ka ƙara adireshin kwantirola da na kowace rida da tsarin kati da lambar wuri da ranar da aka saka batir, ka liƙa kwafi ɗaya a cikin murfin akwati. Kalmar sirrin babban asusu da mabuɗan katuna kuma a miƙa su hannun mai gini a rubuce, shi ya canza kalmar a gabanka.